FILIN KARATU DA TUNANI: Bakuna Ukku Cikin "Magana Jari Ce"

  

Hatsi ya nuna, ana yanka, ana ɗaurin dammuna. Wake da gujiya suna nan cikin gonaki ba a gama kwashewa ba. Can arewa kuma tabkuna sun fara ƙafewa, ciyawa ta bushe, bisashe sun juyo da kai kudu. Kowa ya san wannan lokaci. Lokacin cikar rumbu ne, kuma lokacin da zuciya ke saurin tashi ne. Don haka a wannan wata filin ya ɗauko wani tsohon littafi mai magana bisa bakin ɗan Adam, da abin da baki ke ginawa, da abin da ya ke rushewa. Sunan littafin "Magana Jari Ce".

Wanda ya rubuta shi

Alhaji Abubakar Imam ne ya rubuta shi. An haife shi a garin Kagara cikin Nijeriya a shekara ta 1911. Ya yi karatu a Katsina, ya kuma koyar da yara a can. A 1933 aka yi gasar rubuta littattafan Hausa, ya shiga da littafinsa "Ruwan Bagaja". Da aka ga gwanintarsa sai aka kira shi Zariya a 1936, ya zauna ya rubuta "Magana Jari Ce", littafi ukku. An fara buga su a 1937. A 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a 1981.

Ba dukan labarun littafin ne Imam ya ƙago da kansa ba. Ya ɗebo waɗansu daga littattafan Larabawa, waɗansu daga na Indiya da Farisa, waɗansu daga na Turawa, ya gama da tatsuniyoyin gida. Amma ya sa musu riga da wando na Hausa, ya ba mutanen ciki sunayen Hausa, ya zaunar da su cikin kasuwa da fada irin waɗanda kowa ya sani. Kamar manomi ne da ya samo iri daga wata ƙasa, ya shuka shi, ya yi ta zaɓen zangarniya shekara da shekaru har irin ya zama ɗan gida.

Labarin a taƙaice

Littafi na ɗaya ya buɗe da wani babban sarki a ƙasashen gabas, sunansa Abdurrahman. Yana da dukiya mai yawa, amma ya daɗe bai samu ɗa namiji ba. Yana da jika guda, Mahmudu, ɗan ɗiyarsa. Daga baya, bayan addu'ar malamai, Allah ya ba shi ɗa, aka sa masa suna Musa. Musa da Mahmudu suka tashi tare, suna ƙaunar juna ƙwarai.

Haihuwar Musa ba ta yi wa Waziri daɗi ba, don ya daɗe yana hangen gadon sarauta. Ana nan sai Sarkin Sinari ya aiko manzo, yana son a gama auren ɗiyarsa Sinaratu da Musa. Sarki Abdurrahman ya fusata, ya wulaƙanta manzon, ya kore shi. Daga nan gaba ta ƙullu, har ta kai ga yaƙi. Waziri kuwa ya gama kai da abokan gaba a ɓoye.

Cikin wannan hali aka sayo wani aku daga hannun wani Balarabe. Aku ne mai magana, mai hangen nesa. Da Sarki zai tafi yaƙi sai ya tafi da Mahmudu, ya bar Musa a gida, ya bar amanarsa ga aku. Waziri ya shirya makirci don Musa ya fito daga gida a hallaka shi. Kowane dare Musa ya kan yi shirin bin sawun mayaƙa, ya zo wurin aku sallama. Kowane dare aku ya kan riƙe shi da labari har gari ya waye. Haka aka yi ta yi har Sarki ya komo da nasara. Asirin Waziri ya tonu, aka naɗa aku waziri.

Wannan shi ne ƙashin bayan littafin. Sauran labarun duk a jikinsa su ke rataye. In mai karatu ya duba da kyau, zai ga baki ukku ne ke tafiyar da al'amarin duka: bakin Sarki, da bakin Waziri, da bakin aku.

Baki na farko: bakin Sarki

Sarki Abdurrahman ba mugun mutum ba ne. Yana son ɗansa, yana girmama malamai, yana da kyauta. Aibinsa guda, saurin fushi. Abin da aka zo masa da shi maganar aure ce, wato maganar zumunta. In bai yarda ba, yana iya sauke baƙo, ya ba shi ruwa da abinci, ya sallame shi da magana mai laushi. Da an yi haka, da ba wanda ya ɗaura sirdi. Amma ya bar zuciya ta riga hankali zuwa bakinsa.

A lura da gwanintar marubucin a nan. Bai sa yaƙin ya tashi bisa gona ko rijiya ko dukiya ba. Ya sa shi ya tashi bisa wulaƙanci na rana guda. Dawaki sun mutu, mutane sun bar gidajensu, ɗan Sarki ya kusa rasa ransa, duk don maganar da ba ta kai tsawon shan fura ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Wanda ya taɓa zarar bunu daga jinka ya san ba ya komawa wurinsa.

Baki na biyu: bakin Waziri

Waziri ba ya fushi a fili. Gaban Sarki mai ladabi ne, mai faɗuwa gaisuwa. Ba ya ɗaukar takobi da hannunsa. Aikinsa shi ne ya gano inda zuciyar mutum ta ke da taushi, ya danna wurin.

Ina ne taushin zuciyar Musa? Wuri biyu ne. Yana ƙaunar Mahmudu, kuma saurayi ne mai jin kunyar a ce maza suna fagen fama shi yana ɗaka. Waɗannan ba miyagun halaye ba ne. Ƙauna da jaruntaka abin yabo ne ga kowane saurayi. Amma su ne igiyar da Waziri ya so ya ja shi da ita zuwa ga mutuwa. Wannan babban darasi ne cikin littafin. Mai zuga ba ya kama mutum ta wurin mugun halinsa kaɗai. Sau da yawa ta wurin kyakkyawan halinsa ya ke kama shi. Ya kan ce da kai: ɗan'uwanka aka taɓa, kai kuwa kana zaune? Ya kan ce: ashe babu sauran maza a garin nan?

Abu na biyu game da Waziri: ribar da ya ke nema tasa ce shi kaɗai. In Musa ya mutu, Sinari ba ta ƙaru da komi ba, talakawan Abdurrahman ba su ƙaru da komi ba. Waziri ne zai hau gado. Duk inda aka ji mutum yana hura wuta, a tambaya: in ta kama, wa zai ji ɗumi, wa zai ƙone?

Baki na ukku: bakin aku

Aku ba shi da ƙarfi. Yaro ƙarami yana iya murɗe masa wuya. Ba shi da dangi a garin, saye aka yi aka kawo shi. Ba shi da doki, ba shi da mashi. Jarinsa guda ne, bakinsa. Ga shi an bar masa amanar saurayi mai zafin jini, ɗan sarki, wanda ba a saba ce masa a'a ba. Yaya zai yi?

Masana sun nuna cewa wannan dabara ta aku mai tsare mutum da labari ta fito daga tsofaffin littattafan Indiya da Farisa. Akwai wani na Farisa da a ke kira Tutinama, wato Littafin Aku, wanda aka rubuta wajen shekara ta 1330. A cikinsa wani falke ya yi tafiya, ya bar matarsa da tsuntsaye biyu masu magana. Matar ta so fita da dare wurin wani namiji. Ta shawarci tsuntsuwa ta farko. Ita kuwa ta faɗa mata gaskiya tsirara, ta ce wannan abin kunya ne. Matar ta fusata ta kashe ta. Da ta zo wurin aku, shi bai hana ta ba. Ya ja ta da labari har asuba, ya yi ta yin haka dare 52.

Tsuntsayen nan biyu gaskiya guda su ke riƙe da ita. Ta farko ta jefa ta kamar dutse, ta mutu, kuma ba ta hana komi ba. Na biyu ya jiƙa ta kamar yadda a ke jiƙa magani cikin kunu, aka sha.

Akun Imam haka ya ke. Ba ya tsayawa a ƙofa ya ce ba ka fita. Ya kan nuna wa Musa yana tare da shi, ya yaba zuciyarsa. Sa'an nan ya jefo wata ƴar magana, ko karin magana, ko ya kamanta abin da ke faruwa da abin da ya taɓa samun wani. Musa ya ji yana son sanin yadda aka yi. Da ya tambaya, to, ya shiga hannu. Shi da kansa ya nemi labarin, ba tilasta masa aka yi ba. Kafin labari ya ƙare zakara ya yi cara.

Wannan dabara sunanta labari cikin labari. Babban labari kamar rumbu ne, ƙanana kamar dammunan da ke ciki. Akwai irinta cikin "Dare Dubu da Ɗaya", inda Shaharzad ke ba sarki labari kowane dare, ta yanke shi da asuba a wurin da ya fi daɗi, don ya bar ta da rai ya ji sauran. Amma akwai bambanci. Ita ranta da na ƴan'uwanta mata ta ke tsarewa daga mai sauraronta. Aku kuwa mai sauraron nasa ya ke tsarewa daga zuciyar kansa.

Kuma ƙananan labarun ba don cin lokaci kaɗai su ke ba. Da yawansu suna magana bisa kwaɗayi, da gaggawa, da wauta, da sakamakon ƙeta. Musa yana dariyar wawan da ke cikin labari, bai sani ba ana gyara masa nasa tunani. Mutum ba ya son a ce masa ya yi wauta. Amma ya kan yarda da sauri cewa wani ya yi wauta. Ta wannan ƙofa labari ke shiga.

Don mi tsuntsu?

Mai karatu yana iya tambaya: don mi Imam bai sa wani dattijo ko malami ya yi wannan aiki ba? Amsa ita ce, tun cikin tatsuniya Hausawa sun saba sa gaskiya a bakin dabba. Abin da talaka ba ya iya faɗa wa sarki, tsuntsu ya faɗa a yi dariya, amma maganar ta shiga. Kuma ƙanƙantar aku ita ke nuna girman magana. Da jarumi ne ya tsare Musa, sai a ce ƙarfi ne ya yi aiki.

A gwada aku da Gizo. Su biyu duk marasa ƙarfi ne masu wayo. Amma wayon Gizo na cikinsa ne. Ya cuci zaki, ya cuci kura, wani lokaci har Ƙoƙi matarsa ba ta tsira ba. Wayon aku kuwa na riƙon amana ne. Wayo guda ne, wurin kashe shi ya bambanta. Waziri ma ai mai wayo ne.

Nan ne sunan littafin ya ke da ma'ana. Jari shi ne abin da a ke juyawa ya haifi riba. Jarin manomi irinsa, jarin makiyayi karsanarsa. Iri yana iya zama rumbu, yana iya ruɓewa. Sarki ya zubar da nasa jari cikin fushi. Waziri ya sa nasa cikin haram, ya karye. Aku ya juya nasa sannu sannu, dare bayan dare, har ya tashi daga keji ya zama waziri.

To, waƙa fa?

Abin da ke cikin littafi yana cikin waƙa. Masu sauraron rediyo da masu waƙoƙi cikin salula sun san Ɗan Anace, makaɗin ƴan dambe na ƙasar Sakkwato, da waƙar da ya yi wa Shago. Makamin Ɗan Anace shi ne zuga. Ya kan yi wa ɗan dambe kirari, ya tuna masa waɗanda ya kayar, ya kambama shi har ya fi mutum, ya raina masa mutuwa. Mai sauraro ko bai taɓa naɗa zare a hannu ba sai ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Wannan gwaninta ce babba.

Zuga tana da wurinta. Ranar gayya, makaɗin noma yana bayan masu hauya, yana yabon na gaba, yana taɓa na baya, sai a ga gonar da za ta ci kwana biyar ta ƙare kafin la'asar. A filin kokowa ma haka ne. Tun da aka fara kokowar ƙasa a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, ba a raba ƴan kokowa da makaɗansu ba. Amma a duba da kyau. Filin dambe da na kokowa suna da da'ira, suna da alƙali, suna da doka. Wanda ya taɓa ƙasa an gama, a ɗaga shi, a rungumi juna. Zugar makaɗi wuta ce cikin murhu. Zugar Waziri wuta ce cikin saura da rani, ga iska.

Sai kuma Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, Amadu, ɗan'uwan Gobirawan Tsibiri. Shi gwanin yabo ne, kuma gwanin zambo da habaici. In zai taɓa mai ja da ubangidansa, ba ya kiran sunansa. Ya kan siffanta shi da wata dabba, ko da wani aibi na jiki ko na hali. Duk wanda ke fada ya san da wa a ke. Sai a yi dariya, wanda aka yi dominsa ya sunkuyar da kai, ba shi da bakin kai ƙara tun da ba a ambace shi ba.

A fada wannan wasa ne na masu sarauta, kuma sun san iyakarsa. Amma ya kamata mai sauraro ya gane yadda zambo ke aiki. Zambo yana tuɓe wa mutum sunansa, ya sa masa fatar dabba. In mutum ya zama kura ko biri a bakin jama'a, dukansa ba ya da wuya. Haka nan in aka bar faɗin "shanun wane sun shiga gonar wane", aka koma faɗin "Fulani sun cinye mu", ko aka bar faɗin "wane ya nome burtali", aka koma faɗin "Hausawa sun toshe mana hanya", to zambo ya fita daga waƙa ya shigo gari. Laifin mutum guda ya hau kan dubu. Mace mai tallan nono da yaro mai koran tsuntsaye a gona sun shiga cikin laifin da ba su san an yi ba.

Abin da ya shafi ƙasar Kornaka

Ƙasar Kornaka tana kan hanya. Da damana bisashe suna hawa arewa wajen Tarka da gaba da ita. Da kaka suna gangarowa wajen Gulbin Kaba da kudu. Mutane sun ƙaru, gonaki sun ƙaru, daji ya ragu. Ba shekarar da za ta wuce ba a samu ɓanna a wani wuri ba. Manomin da ya tashi da safe ya tarar da wahalarsa ta wata huɗu a tattake yana da gaskiyar jin zafi. Makiyayin da ya zo da garke mai ƙishirwa ya tarar an shuka hanyar da ubansa ya bi, shi ma yana da gaskiyar jin zafi. Kowanensu Musa ne a wannan dare. Zuciyarsa na gaya masa ya fita yanzu.

Jihar Maraɗi ta san abin da ke faruwa in ba a samu mai riƙe mutane ba. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin ƙasar Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Allah ya jiƙan su, Allah ya sa kada a sake ganin irin wannan rana. Babu gona, babu garke, da ya kai wannan kuɗi.

Yau kuma Waziri ya samu sabon manzo. Saƙon murya na WhatsApp yana isa gari goma kafin a gama sallar isha'i. Ba a san wanda ya fara shi ba, ba a san ko abin yau ne ko na bara, ko ma na wata ƙasa ne. Wanda ya ji irin wannan saƙo ya tura gaba ba tare da bincike ba, ya yi wa Waziri aiki kyauta.

Kowane gari da kowace rugga suna bukatar aku. Ba sai mai sarauta ba. Yana iya zama tsoho, ko tsohuwa, ko liman, ko ɗalibin cibiya. Aikinsa ya yi koyi da dabarun nan. Kada ya ce wa mai fushi ba a yi maka komi ba, don an yi masa. Kada ya ce masa kai wawa ne. Ya fara da yarda cewa an cuce shi. Ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa. Ya tambaye shi yadda abin ya faru tun daga farko, ya bar shi ya faɗa har ya gaji. Ya tuna masa yadda aka raba irin wannan a shekarun baya, da abin da aka biya. Ya ce a bari gari ya waye a je a ga gonar da ido. Fushin dare da na safe ba ɗaya ba ne. Ɓannar da aka ce ta cinye gona duka, da rana wani lokaci sai a tarar kusurwa guda ce.

Amma labarin bai ƙare da wayewar gari ba

Akwai wani abu cikin littafin da bai kamata a manta ba. Aku bai riƙe Musa har abada ba. Ya riƙe shi ne har Sarki ya komo, aka bincika, gaskiya ta fito, mai laifi ya gamu da sakamakonsa. Da Sarki bai komo ba, da wata rana labarun aku sun ƙare, Musa ya fita.

Haka ya ke a karkara. Haƙuri na dare guda bashi ne, da safe a ke biyansa da adalci. Doka ta shirya hanyar. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da ƙasa, waɗanda a ke kira kofo. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar da cewa tafiya da bisashe haƙƙin makiyayi ne, kuma burtali da wuraren kiwo na jama'a ne, ba a nome su. Hukuma ita ke sa ranar sakin gonaki kowace shekara, kuma kafin ranar ba a sa bisashe cikin gonaki. In an yi ɓanna, a fara kai magana gaban maigari da shugaban makiyaya, in ba ta mutu ba a kai gaban sarki. A je a auna abin da aka ɓata, a sasanta, a rubuta takarda. In sulhu ya gagara, sai gaban alƙali.

Wannan nauyi ne bisa shugabanni. In aka riƙe saurayi da dare, da safe ya kai kuka, aka yi ta ce masa je ka dawo, ko aka karɓi abin hannun wani aka danne gaskiya, to an kashe akun garin. Wata shekara ba wanda zai saurare shi. Nan kuma amfanin karatu ya fito. Wanda ya iya karatu yana duba takardar sulhu da idonsa, ya ga adadin da aka rubuta, ya sa hannu bisa abin da ya sani.

Tambayoyi don tattaunawa a cibiya

1. Aku ya nuna wa Musa kamar ya yarda ya tafi, alhali ba ya son ya tafi. Wannan ƙarya ce ko hikima? Ina iyakar tsakaninsu?

2. Tsakanin Sarki mai saurin fushi da Waziri mai makirci, wa ya fi jawo wa garin wahala?

3. A kawo waƙa guda ta noma ko ta kokowa da kowa ya sani. A nuna inda makaɗi ya yi yabo, da inda ya yi zuga, da inda ya yi habaici.

4. A garinku ko ruggarku, wa ke riƙe matasa in rai ya ɓaci? Wace magana ya ke yi musu?

Malaman cibiyoyi su taimaka a samo littafin, a riƙa karanta labari guda a ƙarshen darasi, ɗalibi guda na karantawa saura na saurare. Wanda ya rubuta amsarsa da hannunsa ya ba malamin cibiyarsu ya aiko wa jarida. Za a buga waɗanda suka fi ma'ana. A wata mai zuwa filin zai duba waƙoƙin da mata ke yi wurin daka da niƙa, da irin habaicin da ke cikinsu.

Allah ya sa a kwashe amfanin gona lafiya, bisashe su sauko lafiya. Amin.